Yadda Ake Zana Taswirar Ƙasa da Hanyoyin Ruwa a Tundura: Jagora Daga Bakin Kogin Makenzi

Safiyon da ya saba aiki a tsandauri, inda zai kafa turke bana ya dawo bayan shekara goma ya tarar da shi inda ya bar shi, yana bukatar ya sauya tunani kafin ya doshi tundura, domin a can ƙasar ma tafiya take yi. Tundura ita ce shimfiɗaɗɗen filin nan mara itatuwa da ke ƙuryar arewacin duniya, wanda ƙarƙashinsa yake daskare shekara da shekaru, samansa kaɗai ke narkewa na 'yan watanni. Wannan jagora ya ɗauki wuri guda ya bi aikin a kansa, wato inda Kogin Makenzi ke faɗawa Tekun Beaufort a arewa maso yammacin Kanada, tare da tuddan da ke gabashinsa har zuwa garin Tuktoyaktuk. Kafin ya isa teku, kogin yakan rarrabu zuwa rassa masu ɗimbin yawa a kan wata fadama mai faɗin kusan murabba'in kilomita 13,000, wadda ke ɗauke da tafkuna fiye da 40,000. Kudancinta daji ne, arewacinta da tuddan gabas kuwa tundura ce zalla, saboda haka mai aiki a nan zai gamu da kusan duk wata matsala da wannan sana'a ke da ita a wuri ɗaya.

Mataki na farko: a yanke shawara kan amfanin taswirar da lokacin da za ta nuna

Taswirar da mai kwalekwale zai bi daga garin Inuvik zuwa garin Aklavik a watan Agusta daban take da wadda injiniyan hanya ke nema, haka kuma daban take da ta mai binciken ambaliya. Mai kwalekwale zurfin mashigi ne damuwarsa, injiniya yana son sanin inda ƙanƙara ke kwance a cikin ƙasa, mai binciken ambaliya kuma tsayin gaɓa da na bakin kowane tafki yake bi. Idan ba a rubuta manufar a takarda tun farko ba, za a ɓata kwanakin fita fili, waɗanda su ne mafi tsada a dukan aikin.

Bayan manufa sai lokaci. Ƙanƙarar kogin takan farfashe daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, kuma a wannan ɗan tsakanin ne ruwa ke kai maƙurarsa, saboda narkakkiyar dusar ƙanƙara daga kudu tana isowa alhali arewa na daskare, sai ɓaraguzan ƙanƙara su toshe rassan kogin, ruwa ya haura gaɓa ya mamaye fadamar. Daga nan yakan yi ta ja da baya har zuwa Satumba, a Oktoba kuma ya sake daskarewa. Wurin da hoton Yuni ya nuna a matsayin tafki ɗaya babba, hoton Satumba zai nuna shi ƙananan tafkuna biyar da tsandauri a tsakaninsu, kuma duka hotunan biyu gaskiya suka faɗa. A ganina, taswirar asali ya fi dacewa a gina ta a kan ruwan ƙarshen Agusta, lokacin da ya yi ƙasa, sannan a ɗora iyakar ambaliyar bazara a kanta da wani layi na daban.

Mataki na biyu: izini da mutanen wurin

Ƙasar tana da masu ita. Yarjejeniyar 1984 ta tabbatar wa al'ummar Inuvialuit filayensu a ɓangaren arewa, ta 1992 kuma ta tabbatar wa Gwich'in nasu a kudanci. Binciken kimiyya a yankin yana bukatar lasisi daga gwamnatin yankin, shiga filayen Inuvialuit kuma yana bukatar izinin ofishin da ke kula da su, sannan ana tuntuɓar kwamitocin mafarauta na kowane gari. Wanda aikinsa ya shafi mafakar tsuntsaye ta Tsibirin Kendall zai nemi wani izinin daga hukumar namun daji ta tarayya. Waɗannan takardu kan ɗauki watanni, don haka a fara su tun cikin hunturu. Cibiyar bincike ta Aurora da ke Inuvik tana taimaka wa baƙin masu bincike da masauki da kayan aiki. A kuma tsara tafiya yadda ba za ta shiga wuraren farautar dabbar ruwa ta beluga a bakin teku cikin Yuli ba, domin lokacin tara abincin shekara ne ga iyalai da yawa.

Mataki na uku: a tattara abin da ke akwai kafin a taka ƙasa

Rabin aikin a gaban kwamfuta ake yin sa. Za a fara da taswirorin gwamnatin Kanada masu sikelin 1:50,000 da bayanan hanyoyin ruwa da ake saukewa kyauta, amma a riƙa tuna cewa da yawansu an zana su ne daga hotunan jirgin sama na shekaru da dama da suka wuce. Wannan tsufa nasu yana da amfani: idan aka kwatanta su da hoton yau, nan take za a ga gaɓar da ta zaizaye da tafkin da ya ƙafe. Tsofaffin hotunan kansu suna ajiye a taskar hotunan sama ta ƙasa da ke Ottawa.

Na biyu shi ne ArcticDEM, wato bayanan tsayin ƙasa da Jami'ar Minnesota ta Amurka ke fitarwa daga hotunan tauraron ɗan'adam da aka ɗauka ta kusurwa biyu. Ya rufe duk ƙasar da ke arewa da digiri 60, kuma kowane ɗigo a cikinsa mita 2 ne. Sai dai yana da halaye uku da ya wajaba a sani. Saman abin da kyamara ta gani yake aunawa, saboda haka inda gajerun itatuwa suka yi sarƙaƙiya a bakin rafi, zai nuna gaɓar ta fi ainihinta tsayi. A kan ruwa lambobinsa ba abin dogaro ba ne, dole a share su. Kuma idan an ɗauki hoton lokacin da dusar ƙanƙara ta cike kwaruruka, to ƙananan ƙoramu za su ɓace. Saboda haka ya fi kyau a zaɓi ɗaiɗaikun zirin hoto masu kwanan wata na damina, wato watannin ɗumi na can, a kan babban haɗaɗɗen hoton da ya gauraya shekaru daban-daban, sannan a daidaita tsayinsu da awon lesa na tauraron ICESat-2, wanda aka harba a 2018.

Na uku hotuna ne: Sentinel-2 na Turai mai ɗigon mita 10, wanda ya fara aiki a 2015, da Landsat na Amurka mai ɗigon mita 30, wanda ajiyarsa ta koma shekaru sama da 40 a wannan inganci, da kuma Sentinel-1 mai amfani da rada. Na radar yana da muhimmanci ƙwarai a nan, domin hazo da gajimare sun yawaita a gaɓar teku, kuma a Inuvik rana takan yi kusan kwana 30 ba ta fito ba a tsakiyar hunturu. Rada ba ruwanta da duhu ko gajimare. Manhajar QGIS, wadda kyauta ce, ta isa a haɗa duka waɗannan.

Mataki na huɗu: a daidaita ma'aunin tushe

Wannan mataki gajere ne, amma kuskurensa ke rusa aikin mutane da yawa. ArcticDEM yana ba da tsayi ne daga lissafaffiyar siffar duniya ta WGS84, hukumomin Kanada kuwa suna amfani da NAD83 wajen matsayi da CGVD2013 wajen tsayi daga matakin teku. Bambancin matsayi ya haura mita guda, na tsayi kuma kan kai 'yan mitoci. A wurin da gefen fadamar da ke fuskantar teku bai fi mita biyu ba a kan ruwa, irin wannan bambanci ya isa ya mayar da tudu ƙarƙashin teku a kan takarda. A zaɓi tsari ɗaya, a mayar da komai cikinsa, a rubuta sunansa a kan kowane fayil. Inuvik da Tuktoyaktuk suna cikin shiyya ta 8 ta tsarin UTM, wanda ke raba taswirar duniya shiyya-shiyya, amma aikin da ya miƙa gabas ya wuce digiri 132 ya shiga shiyya ta 9.

Mataki na biyar: a fitar da ruwa daga hoto, a kuma gane wane irin ruwa ne

Ruwa yana shanye hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, yana kuma mayar da ɗan koren haske. A Sentinel-2 ana ɗaukar zangon haske na 3, wato kore, da na 8, wato wanda ke gaba da ja, a cire na biyu daga na farko, a raba da jimillarsu. Inda sakamakon ya yi sama, ruwa ne. Matsalar Makenzi ita ce ruwansa iri biyu ne. Rassan kogin suna ɗauke da laka mai yawa, wadda akasarinta daga kogunan Liard da Peel take zuwa, tafkunan da suka rabu da kogi kuwa ruwansu garau yake ko baƙi-baƙi saboda ruɓaɓɓen tsiro. Iyaka ɗaya ta lamba ba za ta kama duka biyun daidai ba, don haka a raba filin gida-gida, a gwada iyakar kowane gida da ido a kan wuraren da aka tabbatar. Inuwar gajimare da ciyawar da ke kan ruwa su ma sukan ruɗi lissafin.

Wannan laka da ke wahalar da lissafi ita ce kuma babbar mai taimako, domin ita ke tona asirin hanyoyin da ido ba ya gani. Masu binciken yankin sun daɗe da kasa tafkunan fadamar gida uku bisa tsayin bakinsu, wato mafi ƙanƙantar tudun da ruwan kogi zai haura kafin ya shiga. Akwai waɗanda ke haɗe da kogi duk damina, akwai waɗanda ambaliya ke cika su kowace bazara sannan su yanke idan ruwa ya ja, akwai kuma masu dogon baki waɗanda sai shekarar babbar ambaliya ruwan kogi ke kai musu. Idan aka jera hotunan Yuni zuwa Satumba, tafkin da ya rine da laka bayan fashewar ƙanƙara ya nuna kogi ya shige shi, ranar da ya fara washewa kuma ta nuna lokacin da ya yanke. Sai a ɗauki waɗannan ranaku a kwatanta da tsayin ruwan da hukumar awon ruwa ta Kanada ta rubuta a tashoshinta, kamar ta reshen gabas a Inuvik da ta Tsiigehtchic inda kogin ke shirin rarrabuwa, a sami kimanin tsayin bakin kowane tafki ba tare da an je shi ba. Wanda ya taɓa bin ambaliyar fadamar Haɗeja da Nguru a hotunan tauraro zai gane dabarar nan da nan, sai dai a can ruwan sama ke kawo cikar, a nan kuwa toshewar ƙanƙara.

A kan tuddan gabas lamarin ya sha bamban. Tafkunan can ba kogi ne ya haƙa su ba, ƙanƙarar cikin ƙasa ce ta narke ƙasa ta lotsa. Ƙoramun da ke haɗa su sirara ne, wani lokaci ba su kai faɗin mita ɗaya ba, kuma da yawansu siffar carbi gare su: ƙaramin kududdufi, siririyar hanya, wani kududdufin, haka har su kai tafki. Hoton mita 10 ba zai gan su ba. Manhajar da ke lissafa inda ruwa zai gangara daga bayanan tsayi ita ma takan rikice a fili shimfiɗaɗɗe, ta zana miƙaƙƙun layuka inda babu rafi. Hanyar Inuvik zuwa Tuktoyaktuk, mai tsawon kusan kilomita 138, wadda aka buɗe a Nuwamban 2017, manhajar za ta ɗauke ta a matsayin madatsa matuƙar ba a yanka mata gurbin kowace kwalbati da gada da hannu ba. Duk layin ƙoramar da kwamfuta ta zana a ɗauke shi a matsayin zato har sai an tabbatar da shi da hoto mai kaifi ko da ƙafa.

Mataki na shida: kafa turaku da awo a fili

Saman ƙasar da ke narkewa da damina, wanda galibi bai kai mita ɗaya ba a tundura, yakan kumbura idan ya daskare ya kuma lotsa idan ya narke, yana tura duk abin da aka soka masa zuwa sama kaɗan-kaɗan. Turken da aka kafa a cikinsa zai tashi. Inda aka sami dutse a fili, a kafa alamar a kansa. Inda babu, kuma a fadamar babu, ana haƙa rami mai zurfin mitoci a cikin daskararriyar ƙasa, a sa bututun ƙarfe ya daskare a ciki, a sanya wa ɓangaren sama wani kwaroro mai maiƙo yadda ƙasa za ta motsa ba tare da ta ja shi ba. Kusa da babban tafki ko reshen kogi ba wurin turke ba ne, saboda ɗumin ruwa yakan hana ƙasar da ke ƙarƙashinsa daskarewa.

A ɗora na'urar karɓar saƙon tauraro mai zango biyu a kan turken na sa'o'i masu yawa, sannan a aika bayanan zuwa sabis ɗin CSRS-PPP na ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Kanada, wanda ke dawo da matsayi daidai da 'yan santimita kyauta. Taurarin GPS suna kewaya ne a karkace da digiri 55, saboda haka a digiri 68 ko 69 arewa ba sa bi ta tsakar kai, abin da ke raunana awon tsayi fiye da na matsayi. A kunna GLONASS na Rasha, wanda karkatarsa ta kusa digiri 65, tare da Galileo na Turai, a kuma tsawaita zaman na'urar. Kamfas kuwa a riƙe shi don ko-ta-kwana kawai. Allurarsa tana kauce wa arewa ta gaskiya da digirori masu yawa a wannan yanki, kuma kaucewar tana sauyawa kowace shekara yayin da arewar maganaɗiso ke matsawa wajen Saberiya, don haka lambar da aka buga a gefen tsohuwar taswira ta riga ta zama tarihi.

Game da lafiyar ma'aikata, a ɗauki mai gadi ɗan gari saboda haɗarin dabbar beyar, a riƙe wayar tauraro irin ta Iridium, a bar wa wani a gari jadawalin tafiya. Sauron Yuli kan hana mutum tsayuwa minti biyar a kan na'ura idan babu ragar fuska. Hasken rana na kwana 56 ba faɗuwa a Inuvik yana ruɗin mutane su yi ta aiki har gajiya ta sa su rubuta lamba ba daidai ba.

Mataki na bakwai: zurfin ruwa

Ana ɗaura na'urar auna zurfi da amon sauti a jikin ƙaramin jirgin ruwa, a haɗa ta da na'urar tauraro, a riƙa ratsa reshen kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, a ƙara yawan ratsawa a mararrabar rassa da bakin tafkuna inda yashi ke taruwa. Kowane zurfi sai an rubuta shi tare da tsayin fuskar ruwa a wannan sa'a. Kusa da teku wannan ya ƙara zama dole: cika da janyewar Tekun Beaufort ƙanƙane ne, bai kai rabin mita ba, amma iskar arewa maso yamma tana iya tura ruwan teku can cikin fadamar. A Satumban 1999 irin wannan guguwa ta kwarara ruwan gishiri a kan gefen fadamar ta kashe tsirrai a fili mai faɗi, kuma tabon ya daɗe yana bayyana a hotunan tauraro.

Tafkuna dubbai ba za su aunu da jirgi ba, amma hunturu na bayar da wata hanya. Ƙanƙarar tafki takan kai kaurin kusan mita 2 a ƙarshen hunturu. A hoton rada na Afrilu, inda akwai ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara yakan fito da haske, inda ƙanƙarar ta manne da ƙasa kuma ya fito da duhu. Idan aka huda wasu tafkuna aka auna kaurin ƙanƙarar wannan shekara, layin da ya raba haske da duhu ya zama layin zurfi kyauta. Shi ne kuma ke nuna tafkin da kifi zai iya kwana a cikinsa da wanda za a iya ɗebo ruwa daga gare shi don gina hanyar ƙanƙara.

Mataki na takwas: siffofin ƙasa masu motsi

Akwai siffofi uku da ya kamata su sami alamarsu a taswira. Na farko pingo, tudu mai cikin ƙanƙara da ke tsirowa a gindin tafkin da ya ƙafe. Akwai kimanin 1,350 a yankin Tuktoyaktuk, mafi tsayinsu Ibyuk mai mita 49, kuma da yake filin shimfiɗaɗɗe ne, matafiya sun daɗe suna gane hanya da su. Na biyu tsagogin da ke yanka ƙasa gida-gida kamar bayan kunkuru, waɗanda kowannensu ke da turken ƙanƙara a ƙarƙashi. Idan suka fara tara ruwa, alama ce ƙanƙarar na narkewa, kuma nan gaba za su haɗu su zama hanyar ruwa. Na uku zaftarewar gangare, inda ƙanƙarar da ta bayyana ke narkewa, bangon ramin ya yi ta ja da baya mitoci a damina guda yana zubar da taɓo cikin tafki ko rafi, kamar yadda ake gani da yawa a tuddan Peel.

Jirgi mara matuƙi ne ya fi dacewa da waɗannan. Dokar Kanada ta ce a yi wa mai nauyin giram 250 zuwa kilo 25 rajista, mai sarrafa shi ya mallaki shaida, kuma kada ya wuce mita 122 a sama ba tare da izini na musamman ba. A shimfiɗa alamomi a ƙasa a auna su da na'urar tauraro kafin tashi, a ajiye batura a cikin riga saboda sanyi, a kuma tashi da tsakar rana lokacin da inuwa ta gajarta. A ƙarshen Agusta a soka sandar ƙarfe a ƙasa har ta daki daskararren wuri, a rubuta zurfin narkewar a wurare da dama.

Tafkunan da ke kusa da gangare ko gaɓar teku a sa musu alamar gargaɗi, domin suna iya tsiyayewa cikin sa'o'i idan ruwa ya sami tsaga ya narkar da ita. Masanin nan J. Ross Mackay ya nuna haka da gangan a Agustan 1978, lokacin da ya haƙa wa wani tafki a Tsibirin Richards mafita ya tsiyaye shi don a ga yadda gindinsa zai daskare. Wurin, wanda ake kira Illisarvik, har yau ana auna shi.

Mataki na tara: sunaye da fitar da taswira

Kogin da taswirori suka sa wa sunan Alexander Mackenzie, wanda ya bi shi a 1789, Gwich'in suna kiransa Nagwichoonjik, Inuvialuit kuma Kuukpak. Tuktoyaktuk ya amsa sunan Port Brabant har zuwa 1950, Tsiigehtchic kuma Arctic Red River har zuwa 1994. Sunayen gargajiya sukan ɗauki bayanin da na'ura ba ta da shi, kamar inda ake kafa raga, inda ƙanƙara ba ta yin kauri, da mashigin da ke rufewa idan ruwa ya ja. A buga daftarin taswirar a babbar takarda, a kai wa dattawa da mafarauta a Aklavik da Inuvik da Tuktoyaktuk, a ba su alƙalami su gyara, a biya su ladan lokacinsu, a kuma yarda da su kan wuraren da ba sa so a bayyana wa kowa, irin su kaburbura da tsofaffin sansanoni.

A taswirar ƙarshe a bambanta layin da aka auna da ƙafa da wanda aka ciro daga hoto da wanda kwamfuta ta lissafa. A gefenta a rubuta ranar kowane hoto, da tsayin ruwa a tashar Inuvik a wannan rana, da ma'aunin tushen da aka bi, da girman kuskuren da aka samu lokacin da aka gwada ta da wuraren da ba a yi amfani da su wajen gina ta ba. A miƙa kwafin bayanan ga ƙungiyoyin Inuvialuit da Gwich'in da kuma ofishin da ya ba da lasisi. Gaɓar teku da zaftarewar gangare a sake auna su kowace damina, mararrabar rassan kogi bayan kowace babbar ambaliya, turakun awo kuma a sake ɗora musu na'ura duk lokacin da aka dawo, kafin a ɗauki wani sabon awo daga kansu.